Doka ba ta ce Asabar da Lahadi ba

Da yawa suna ɗauka cewa duk wanda aka sa shi aiki ranar Asabar an take masa doka. Haushin kam gaskiya ne: ana ɗaurin auren abokinka, kai kana tsaye a gidan mai, riƙe da tiyo. Sai dai sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya bai ambaci Asabar ko Lahadi ba. Hutun yini guda ya ce, awa 24 a jere, cikin kowane kwana 7, ko da Talata ce. In aka cinye maka shi, a rama maka cikin kwana 14 ko a biya ka kuɗin ƙarin lokaci. Nan ne masu gida da dama ke yin kunnen uwar shegu.