Miyar gaggawa a Liyon, da abin da na baro a ɗakin Inna

Wata ranar Talata can baya na taso daga aiki ƙarfe takwas na dare, sanyi har cikin ƙashi, yara biyu suna jirana da yunwa. Na soya albasa, na zuba niƙaƙƙen naman shanu giram 400 da na sayo wurin mahaucin halal a unguwar Guillotière ta nan Liyon a Faransa, na juya har jan ya ɓace. Na buɗe gwangwanin tumatir ɗaya, da na kayan lambun nan da ake yankawa ƙanana, karas da koren wake da sauransu, na ƙara dankalin turawa uku da ruwa. Cikin minti 30 muka zauna cin abinci. Su nan da cokali suke shan irin wannan, da burodi a gefe, shi ke nan an ci na dare. A wurinmu ta fi kama da romo, don miyar da babu tuwo a gefenta ba ta cika miya ba.

Ba na raina ta. Shekara bakwai ke nan tana rufa mini asiri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana ce da wata abokiyar aikina ta yi, wadda ita ce ma ta koya mini wannan girki. Da kyakkyawar niyya ta ce ta san mu a Afirka girki sai an wuni a kansa, don haka gwangwani zai zame mini hutu. Na yi shiru a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda ni a gidan da na tashi a unguwar Bagalam ta Maradi na ga miyar da ta fi wannan sauri, kuma babu gwangwani ko ɗaya a cikinta.

Baƙo ya kan sauka mana bayan isha'i, daga Dakoro ko Tasawa, ba sanarwa. Inna ba ta aiken kowa kasuwa. Ɗaki take shiga, ta sauke kwallayenta. Akwai garin kuka, akwai dakakkiyar busasshiyar kuɓewa, da kauɗar tumatir, da jan tattasai na Diffa, da gabu, da ƴar kanwa. Daddawa iri biyu take ajiyewa, ta kalwa da ta batso wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa. Can ƙasa kuma akwai wata langa da mu yara ba mu isa mu taɓa ba, mai naman layya da aka soya ya bushe ƙayau, wanda kan kai watanni bai yi komai ba. Ta jefa tsoka huɗu ko biyar a ruwan zafi, ta daka daddawa da tattasai da gabu a ƙaramin turmi ta zuba. In ya tafasa sai ta riƙa barbaɗa kuka da hannun hagu, dama na kaɗawa da maburgi, a hankali don kada ta yi gudaji. Kafin ƴar'uwata ta gama tuƙa tuwo, miya ta sauka. Ƙamshin kan riga akushi isa zaure.

To wannan fa shi ne girki da abin da ke ajiye. Turawa da wuta da ƙarfe suke adana nasu. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, shi ya wallafa hanyar a 1810: a rufe abinci ruf, a dafa shi cikin mazubinsa har ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su mutu. Mu rana muka ba wannan aiki. Kuma a nan ne nake ganin namu ya fi. Sama da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne. In aka shanya shi, ruwan ya tafi, ɗanɗanon ya zauna, shi ya sa tafin hannu ɗaya na kauɗa ke riƙe tukunya guda. Karas ɗin gwangwani kuwa ya kwana cikin ruwan gishiri wata da watanni, ya yi laushi tuɓus, in kin rufe ido ba ki bambanta shi da waken da ke kusa da shi. Sai na tsiyaye ruwan na ɗauraye kafin in zuba, don Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, ga na gwangwani ga na dunƙulen magi, lissafi ya wuce tun ba ki taɓa kwalbar gishiri ba.

Wuri ɗaya na yarda sun fi mu: ɗanyen nama. Saniyar da ta yi kiwo ta taka ƙasa daga arewa har kasuwar Maradi namanta na da daɗi, amma yana da tauri, sai an ba shi wuta da haƙuri. Niƙaƙƙen naman nan minti goma ya isa. Shi ya sa a gida miyar sauri ba ta dogara da mahauci, da busasshen nama take tafiya, kuma kaɗan, don ya ba ruwa ɗanɗano. Wannan ne abin da na fi rashi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama cikin kayansa, ko kilishi ne.

Akwai abin da ban gane ba sai da na zo nan. Saurin da Inna ke yi da dare, tun watanni baya ta biya shi. Da kaka ake yanka kuɓewa a baza a tabarma. Lokacin sanyi, sa'ad da tumatir na Jiratawa da na bakin gulbi ya cika kasuwa ya yi araha, ta kan sayi kwando guda, mu zauna mu tsaga, mu shanya, mu riƙa korar kaji da jajayen awakin gidan. Kalwa kuwa sai an dafa ta kusan yini, a surfe, a wanke, a rufe ta kwana uku kafin ta zama daddawa. Nan masana'anta ce ta yi wannan wahalar, ni kuɗi kawai nake miƙawa. Can hannun mata ne, kuma ban taɓa jin an kira shi aiki ba. Cewa ake wance ta iya miya.

Shi ya sa abin da na tarar zuwana na ƙarshe ya dame ni. A gidajen ƙannena dunƙule ne da tumatirin gwangwani, wata ma ta ce mini daddawa wari gare ta, yaranta ba sa so. Dunƙulen nan da kamfanin Maggi na Suwizalan ya fito da shi a 1908, aikin da yake ƙoƙarin yi a tukunya shi ne wanda daddawa ke yi mana tun kaka da kakanni. Ban ce a jefar da shi ba, ni ma akwai shi a kabad ɗina. Kuma na san shanyarmu na da aibi: wadda ake bazawa a ƙasa bakin hanya tana kwasar ƙura da ƙuda, wani lokaci ki ji tsakuwa a haƙori. Maganin wannan a ɗaga shanya sama a rufa mata raga, ba a bar ta ba. Garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa, abin da ke firiji ya lalace cikin yini, mai kwallar kuka da kauɗa ita ce ba ta da fargaba.

Yanzu haɗawa nake. Naman nan nasu, da dankalinsu, amma na daina sayen gwangwanin kayan lambu. Kabeji da karas ɗanye nake yankawa, minti biyar ne ƙari, in jefa daddawa rabin dunƙule da tattasai, wani lokaci in barbaɗa busasshen zogale a ƙarshe. In kuwa ranar hutu ce, garin masara ko semolina na kan wuta, kuka ce kai tsaye.

Makon jiya wani ɗan garinmu da ya dawo daga gida ya kawo mini ƙulli daga Inna: kuka, kuɓewa, gabu, da daddawar batso an naɗe ta cikin leda uku. Na kira ta a WhatsApp in yi godiya.

"Inna, saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri."

"Madalla. Kukar ta bana ce, ni na tankaɗe ta da kaina. Ki rufe ta da kyau kada sanyin ƙasarku ya shige ta. Yaran suna sha kuwa?"

Na ce ƙaramar har ƙari take nema, babban ne dai sai an lallaɓa.

"Ki rage masa daddawa tukuna," in ji ta, "ki riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Haka na yi miki."