Wata uku ba su isa a gina WhatsApp ba

Ana yawan tallata kwasa-kwasan koyon rubuta manhaja da alkawarin cewa cikin wata uku mutum zai zama gwani, har wasu matasa su fara lissafin ƙera irin WhatsApp. A wata uku za ka iya sanin tushen Python, wato ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, ka rubuta ɗan shirin da zai lissafa cinikin shago. Wannan ci gaba ne na gaske, amma iyakarsa ke nan.

Dubi WhatsApp ɗin da ake kwatance da shi. Jan Koum da Brian Acton sun kafa shi a 2009, bayan sun shafe shekaru suna aiki a kamfanin Yahoo. Lokacin da Facebook ya saye shi a 2014, mutum miliyan 450 ke amfani da shi, kuma babban aikin ba a fuskar wayar yake ba. Yana can a manyan kwamfutocin da ke karɓar saƙonni su isar da su, ko da intanet na yankewa.

Sabon shiga kuwa, ranarsa takan ƙare wajen neman kuskure. Ka manta ɗigo biyu a ƙarshen layin "if" (umarnin gindaya sharaɗi), Python ya ƙi motsi, ka yi awa guda kana zare ido a allo, caji na ƙarewa. Da yawa a nan suke cewa kansu ba ya ja. Ni ban yarda ba. Ƙwararru ma haka suke wuni, sai dai su sun saba karanta saƙon kuskuren tun daga lambar layin da ya nuna.