Iddar da ba a gaya mini ranar ƙarewarta ba

Jirginmu ya sauka a Amurka da hantsi bayan na kwana a hanya daga Kano, kuma har lokacin ƙanshin turaren ɗakin Inna bai bar mayafina ba. Na miƙa wa jami'in da ke zaune cikin akwatin gilashi fasfona, da katin zamana wanda kwanan watan da ke jikinsa ya riga ya wuce, da wasiƙar da ta tsawaita wa'adinsa. Ya dubi kwamfuta, ya dube ni, sannan ya tambaye ni inda mijina yake. Na ce masa mun rabu. Bai ƙara cewa uffan ba, sai ya haɗa takarduna ya miƙa wa wani, aka wuce da ni ɗakin bincike na biyu.

Ɗakin yana can ƙuryar filin jirgin, ba shi da taga ko ɗaya, fitilunsa farare ne ƙal masu sa ido yaji, kujerun ƙarfe ne a jere an ɗaure ƙafafunsu da ƙasa, kuma sanyin na'urar da ke ciki ya fi na hunturun Funtuwa. A bango an manna sanarwar hana taɓa waya, saboda haka ko wadda ta zo ɗaukata ban iya sanar da ita inda nake ba. Akwai wani dattijo ɗan Indiya da matarsa, akwai wata ɗaliba tana sharar hawaye a ɓoye, kuma kowa ya kasa kunne yana jiran a kira sunansa daga bayan wani dogon kanta, a karyayyen lafazin da sai ka yi da gaske za ka gane naka ne. Na yi kusan awa uku a wurin. Da aka kira ni, an tambaye ni ranar da aka ɗaura aure, da ranar da muka rabu, da abin da ya kai ni gida, na amsa, aka maido mini da takarduna cikin ladabi. Babu wanda ya ci mini mutunci, kuma ina so a san haka. Abin da ya sosa mini rai shi ne, kwana goma sha takwas na yi a Zariya wurin ta'aziyyar mahaifina, gida cike da mutanen da suka ci goron aurena, babu wanda ya nemi in kawo masa shaidar komai, amma a nan sai da na tsaya ina ba da labarin mutumin da har ya sake wani auren kafin a bar ni in shiga garin da nake biyan haya a cikinsa.

Tun shekarar 1986 Amurka ta yi dokar yaƙi da auren bogi, wadda ta ce duk wanda ya sami izinin zama ta hanyar aure, alhali auren bai cika shekara biyu ba a ranar da aka ba shi izinin, to girin kad ɗinsa, wato katin zaman, na sharaɗi ne, kuma shekara biyu kawai zai yi. A cikin kwana 90 na ƙarshe, mata da miji za su cike fom mai lamba I-751, su sa hannu tare, su nemi a cire sharaɗin a ba da katin shekara goma. An ɗaura aurena a watan Disambar 2020, na shigo ƙasar a watan Oktobar 2022, wato da bizata ta ƙara jinkirin wata biyu kacal, da katin shekara goma aka ba ni tun farko, da duk wannan labarin bai taso ba. Lokacin kuwa har salla nake tashi yi da dare ina roƙon Allah ya gaggauta fitowar bizar.

Wata goma sha shida da zuwana ya rubuta mini saki, a takarda, kamar yadda ake yi a gida. Na ƙirga tsarkina uku, kafin Babbar Sallar shekarar na gama idda, kuma a wurin Allah da wurin iyayena magana ta ƙare. A wurin Amurka kuwa ina nan a matarsa, domin sakin da aka furta ko aka rubuta a cikin ɗaki a nan ba ya raba aure sai alƙali ya sa hannu. A jihar New York, tun 2010 ya isa ɗaya daga cikin ma'aurata ya rantse cewa auren ya lalace na aƙalla wata shida, to amma bayan wata shidan akwai layin kotu. Na shigar da fom ɗina ni kaɗai kafin katin ya ƙare, na biya dala 750, daga baya na bi shi da hukuncin kotu, domin doka ta yarda wadda aurenta ya mutu ta nema ita kaɗai, muddin za ta nuna cewa da gaskiya ta shiga auren.

A wannan nunawar ne na ga bambancin da har yau bai bar ni na huta ba. A gida, abin da ake so bazawara ta tabbatar shi ne aurenta ya ƙare, domin ta sami damar yin wani. A nan abin da ake so ta tabbatar shi ne auren da ya mutu ya taɓa rayuwa, kuma shaidun da aka fi yarda da su su ne takardar haya mai ɗauke da sunayenmu biyu, da asusun banki na haɗin gwiwa, da takardun haraji, da inshora, da hotuna, da rantsuwar mutanen da suka san zamanmu. Wace Bahaushiya ce take haɗa asusu da miji? Kuɗinta nata ne, ci da sha da muhalli a wuyansa suke, kuma ba a taɓa ɗaukar wannan alamar rashin so ba. Lauyata, mace mai kirki, ta baza hotunan ɗaurin auren a kan tebur, ta ga maza fiye da ɗari a ƙofar masallaci cikin manyan riguna, ta tambaye ni ina amaryar take. Na yi ta ƙoƙarin bayyana mata waliyyi da wakili da sadaki, da cewa amarya ba ta zuwa wurin, har na ji muryata tana rawa. Ta kuma so a sami hoton da muke rungume da juna, ni kuwa ko a gaban ƙannena ban taɓa kama hannunsa ba. Auren da unguwa guda ta shaida, aka kai lefe, aka yi kamu, aka kai gara, sai ga shi ya fi wuyar tabbatarwa a kan na mutum biyu da suka je ofis da shaida ɗaya suka buɗe asusu washegari.

Bayan an karɓi fom, ana aiko da wasiƙa mai lamba I-797, kuma tun watan Janairun 2023 wasiƙar tana tsawaita izinin zama da wata 48, abin da shi kansa ya isa ya nuna tsawon layin. Da wannan wasiƙa da tsohon katin ana iya aiki, ana iya fita ƙasar a dawo, kuma saki bai soke wannan haƙƙi ba. Sai dai wanda ya wuce kwana 180 a waje za a ɗauke shi kamar mai neman shiga daga farko, wanda zai kai shekara kuwa dole ya nemi takardar izinin dawowa tun yana cikin ƙasar. Ga kuma wahalar hanya, domin ɗan Nijeriya ko ɗan Gana yana buƙatar bizar ratse a filayen jiragen ƙasashen Turai irin su Jamus da Faransa in ba shi da izinin zaman da suka amince da shi, kuma ba kowane ma'aikacin jirgi ne ya saba da mataccen kati da wasiƙa a gefe ba, shi ya sa na bi ta Alƙahira. Matan da muke haɗuwa a masallaci a unguwar Bronx ta birnin New York, Hausawan zangon Kumasi da na Nima da 'yan Maraɗi, kowace ta ba ni nata gargaɗin, amma a kan abu ɗaya suka haɗu: ko me za a ce mini a filin jirgi, kada in sa hannu a takardar nan mai lamba I-407, wadda mutum yake sallama izinin zamansa da kansa.

Ba zan ce dokar ba ta da dalili ba. Auren takarda gaskiya ne, mun san masu yinsa, kuma hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000. Ba kuma zan ɓoye cewa dokar ba ta bar makullina a hannun tsohon mijina ba, har ma ta buɗe ƙofa ga matar da ake duka ta nema ba da saninsa ba. Na san yadda saki yake da araha a wurinmu, na san dalilin da ya sa gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012. Duk da haka, wadda aka saka a gida tana da ɗakin uwarta, tana da ranar da za ta ce ta gama, tana da masu cewa Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ni abin da nake da shi lamba ce mai harufa uku da alƙaluma goma, wadda nake shigarwa a intanet kowace safiya bayan asuba in ga jimla ɗaya da ba ta canzawa. Ko neman zama 'yar ƙasa, da ake yi bayan shekara uku ga mai zaman aure da ɗan ƙasa, ya koma mini shekara biyar.

Ranar da zan taso, Goggo ta same ni ina haɗa kaya, ta ce, "Yanzu ke ko arba'in ɗin ubanki ba za ki tsaya ba? Kati ya fi miki shi ke nan." Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ba haka ba ne." Ban iya yi mata bayanin cewa ana iya aiko da wasiƙar kiran ganawa a kowane mako ba, kuma wanda bai je ba ana iya soke izininsa, ga hutun wurin aiki da bai kai wata ba. Masu cewa in tattara in dawo gida kawai, su ne dai masu kirana idan kuɗin makarantar yara ya taso, kuma maganin da Baba ya sha a shekararsa ta ƙarshe daga wannan katin ya fito. Ban faɗi wannan a gabanta ba, domin ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Amma maganarta ta biyo ni har cikin ɗakin nan marar taga, kuma a can na kasa samun amsar da ta gamsar da ni kaina, domin doka ba ta hana ni yin kwana arba'in ba, tsoro ne ya hana ni.

Inna ba ta ce komai ba a ranar. Tana zaune a kan tabarma cikin takabarta, ta sa mini albarka, ta cusa mini ƙullin daddawa da kuka a jaka. Ta ƙirga watanta huɗu da kwana goma, ta fita, ta kira ni a waya ta gaya mini ta je gaida 'yan'uwa har Giwa. Sannan ta tambaye ni ko za a gan ni da Salla. Na ce mata in Allah ya yarda, kuma har yanzu ban sayi tikiti ba.