Ga wanda ya dawo daga ƙasar waje: garinku bai tsaya jiranka ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganata yau da ku ce, ku da kuka yi shekara da shekaru a Jidda ko Makka, ko Khartum, ko Sabha ta Libiya, ko ma Landan, kuka tattaro naku-ya-naku kuka dawo, kuma ba a Kano ko Abuja kuka yada zango ba, garin da aka binne cibiyarku kuka nufa. Mun yi yawa yanzu. Tun da Saudiyya ta ɗora wa baƙi harajin iyali a watan Yulin 2017, riyal 100 duk wata a kan kowane kai, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020, magidanta da dama suka ga zama da mata da 'ya'ya a can ya fi ƙarfinsu. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya koro ɗalibai da 'yan kasuwa, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Kafin su akwai waɗanda suka dawo daga Libiya tun 2011. Kowa da sanadin dawowarsa, amma abin da ke jiranmu a ƙofar gida kusan iri ɗaya ne.

Makon farko ba a cewa komai. Kwanukan abinci na shigowa daga maƙwabta, ana ta "sannu da zuwa, ya ka baro su?", kai kuma kana rabon dabino da carbi da turare. Sai an kwana biyu ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkarsa, sannan za ka ga abin da ba ka yi zato ba. Garin da ka riƙe a zuciyarka ba shi ka tarar ba. Yaron da ka bari yana tallan rake yanzu shi ne kansila. Majalisar da kuke zama ta watse, wasu sun rasu, wasu suna Legas. An yi aure, an yi saki, an yi rigimar gona an sasanta, duk ba ka nan. Mutane sun saba da rashinka, kuma ba laifi suka yi ba. Kai ne za ka nemi wurin zama a cikinsu.

Akwai bashin da ke kanka tun kafin ka sauka daga mota, shi ne na ta'aziyya. Ka samu mahaifiyarka ko wani yayanka, ka ɗauki takarda da biro, a lissafa maka duk wanda ya rasu ba ka nan, har da waɗanda ka yi wa gaisuwa ta waya. Saƙon WhatsApp a wurin tsohuwar da ta rasa ɗa ba gaisuwa ba ce, labari ne kawai cewa ka ji. Ka tafi da ƙafarka bayan La'asar, ka yi sallama a zaure, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka ce, "Baba, ashe abin da ya faru ke nan. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Ko shekara bakwai ke nan da rasuwar, ka je. Za ka ga tsohon ya ɗago ya dube ka da kyau, ya ce, "Kai ne ɗan wane? Allah ya ba da lada." Daga ranar, a wannan gida, ka tashi daga baƙo. Wannan zagayen zai iya cin wata guda, kuma ban san wani abin da za ka yi da watan farko da ya fi shi ba. Zumunci a ƙafa yake, ba a aika shi.

A cikin zagayen ka sa mai unguwa da dagaci da liman, da ɗan goronka a hannu. Wasunmu da suka yi boko a Turai suna ganin wannan fadanci ne. Ka bari sai ranar da maƙwabcin gonarka ya ture iyaka, za ka san a gaban wa ake fara magana.

Sai bakinka. Wallahi babu abin da ke saurin raba mai dawowa da mutane irin "a can". A can wuta ba ta ɗaukewa, a can ba a zubar da shara a titi, a can likita ba ya sa ka jira. Gaskiya ka faɗa, amma wa ka faɗa wa? Mutumin da ya yi kwana da kwanaki a duhu lokacin da wuta ta ɗauke a yawancin Arewa a watan Oktoban 2024 ya fi ka sanin halin da ake ciki. Rana ta farko za a saurare ka da sha'awa, ta uku a yi shiru, ta biyar ka taso a fara tashi ɗaya bayan ɗaya. In an tambaye ka labarin can ka bayar, har da wahalarsa: gudun 'yan sanda saboda igama, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ɗakin da kuka cunkushe a ciki ku da yawa, wulaƙancin kafili, wato ubangidan da izinin zamanka ke hannunsa. Wanda ya faɗi wannan an fi yarda da shi in ya zo faɗin mai daɗin.

Wannan ya fi tsanani a masallaci. Ka yi karatu a Madina ko Azhar ko Jami'ar Afirka ta Khartum, Allah ya ƙara ilimi. Amma garin nan da malamansa ka same shi, masu Ishmawi da Iziyya da Risala, wasu 'yan Tijjaniyya, wasu 'yan Izala, kuma sun daɗe da gano yadda za su zauna da juna ko da ana 'yar tsama. Kada ka miƙe bayan sallar Magariba a makonka na biyu ka ce za ka gyara wa liman dattijo karatu a gaban jama'a. Ko kai ke da gaskiya ka rasa masu sauraro, ka kuma jawo wa mahaifinka magana. In ka ga abin gyara, ka bi shi gida, ka zauna a ƙasa, ka kawo shi a matsayin tambaya. In kana son koyarwa, ga yara nan birjik a Islamiyya ba malamin Larabci.

Yanzu ga inda aka fi yin kuka, wato kuɗi. Abin da ka dawo da shi ruwan randa ne, ba rijiya ba, kowane moɗa ka ɗiba ragi ne. Kana can, duk wata riyal ko fam na shigowa, in ka canza sai ka ga naira tuli. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, sai duk wanda ke aiko da kuɗi ya zama attajiri a idon gida. To wannan hoton naka shi mutane suka riƙe. Ba su san ranar da ka hau jirgi albashi ya tsaya ba, kuma man fetur ɗin da ake saya ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi, kai ma yanzu a sabon farashi za ka sha shi kamar kowa.

Masu buƙata za su zo, kuma yawancinsu ba ƙarya suke yi ba: mata ta haihu, yaro na kwance, taki ya yi tsada. Ka ware abin da za ka iya bayarwa a wata, in ya ƙare ya ƙare. Wanda ya zo neman rance, in ɗan uwa ne, ka ba shi abin da za ka iya yafewa ka ce masa kyauta ce. Ya nemi dubu hamsin, ka ba shi goma ka ce, "Yi haƙuri da wannan, ba bashi ba ne." Zai tafi yana ɗan gunaguni, amma gobe za ku gaisa. In ka ba shi hamsin ɗin a matsayin bashi, shi zai riƙa sauya hanya in ya hango ka, kai kuma kana ƙullace da shi. Su kuma masu zuwa da daddare su ce jama'a na son ka fito takarar ciyaman, ka ba su ruwa su sha, ka raka su bakin ƙofa.

Ina roƙonku da Allah, kada ku zuba jari a shekarar farko. Kowa ya dawo da tsarinsa a ka: gidan kaji, gidan ruwan leda, injin casar shinkafa. Ka bari damina da kaka da hunturu da bazara su wuce a kan idonka tukuna. Wanda bai ga zafin watan Afrilu a ƙasar Gumel ko Daura ba, bai san abin da yake yi wa kajin gidan gona ba. Ko ajiyar hatsi da ake cewa ba a faɗuwa, waɗanda suka cika rumbuna da masara a kakar 2024 suna jiran tsada sun ga yadda farashi ya karye a 2025, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci. Waɗannan fa 'yan gari ne da suka san kasuwa, balle kai. Ka je Maigatari ranar Alhamis ko Mai'aduwa ranar Lahadi, ka bi wani kawunka da ya san dabba, ka tsaya a bayansa ka yi shiru. Ka ga yadda yake buɗe bakin bijimi ya duba haƙora, yadda yake taya rabin kuɗi ya juya kamar zai tafi, yadda dillali ke riƙo hannunsa, da nawa ake ba da la'ada. In kai kaɗai ka je da agogonka da ƙamshin turarenka, an gama yi maka farashi tun kana nesa.

Maganar gona kuwa sai an yi hattara, don ita ke raba 'yan uwa har jikoki. Gonar gadonku da ka bari, ƙaninka ne ya riƙe ta duk shekarun nan. Shi ya kai mata taki a amalanke, shi ya roƙi Fulani suka kwana da shanu a cikinta da rani, da geronta ya ciyar da mahaifiyarku lokacin da aikenka ya yi jinkiri. Haƙƙinka yana nan, shari'a ta ba ka. Amma ba a karɓar gona da shuka a ciki. Ka bari a yi girbi, ka tara manya, ka fara da godiya, sannan a yi maganar rabo ko a ci gaba da noma tare. In saye za ka yi, ka tabbatar ba gonar gado ba ce da magaji ɗaya ke son sayarwa a bayan sauran. A kira maƙwabtan gonar na kowace kusurwa su tsaya a kan iyakarsu, dagaci ya shaida, a rubuta, sannan ka bi takardar zuwa ƙaramar hukuma, don Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ta ba wa ikon ba da shaidar mallakar filin karkara. Ka tambaya ko burtali ya ratsa ta. Kuma ka ga gonar a watan Agusta kafin ka biya. Fadamar da ke ba ka sha'awa a watan Maris, mutanen Auyo da Haɗeja da Ringim za su gaya maka yadda irinta ta koma a ambaliyar 2020 da ta 2022.

Ga 'yan uwanmu na Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, akwai ƙarin dalilin sassauta nuna hali. Masu garkuwa da mutane ba duba suke yi ba, daga cikin gari ake ba su labari. Dogon bene mai fenti a tsakiyar gidajen ƙasa, lissafin kuɗi a majalisa, sanar da ranar tafiya, duk ka kiyaye su.

Jikinka ma ya manta da gida. Ɗan juriyar zazzaɓin cizon sauro da wanda ya tashi a nan yake da ita tana raguwa in ya daɗe a inda babu cutar, 'ya'yan da aka haifa a can kuwa ba su da ita sam. Gidan sauro tun daren farko, kuma zazzaɓi in ya kama yaro a je a yi gwaji a ranar, kada a tsaya sayen ƙwayoyi a kemis ana gwadawa. Mai ciwon suga ko hawan jini ya san inda zai riƙa samun maganinsa kafin wanda ya zo da shi ya ƙare, mai allurar insulin kuma ya yi tanadin sola da ɗan firji kafin ya yi tunanin talabijin.

Kai kana fita majalisa kana shan iska. Matarka fa? Ta baro gidan da ruwa ke zuwa a famfo, ta shigo gidan yawa, ga suruka, ga faccaloli, ga murhun itace, ga jiran mai ruwa, kuma duk abin da ta yi ana kallo. In ta yi shiru a ce girman kai, in ta yi magana a ce iyayi. Ka tsaya mata ba tare da ka ɗaga murya a kan mahaifiyarka ba, ka killace mata sashenta da banɗakinta ko da ginin ƙasa ne. Yara kuma za a yi musu dariyar Hausarsu mai gauraye da Larabci. Kada ka kulle su a ɗaki saboda haka. Ka sake su cikin 'yan uwansu, kafin damina ta zagayo sun fi ka iya zaurance. Larabcin dai ku riƙa yi da su a gida kada ya zube, zai yi musu rana.

Na san akwai waɗanda duk wannan lissafin kuɗi bai shafe su ba, waɗanda aka kamo a titi aka tsare a Shumaisi, wurin da Saudiyya ke tsare baƙin da za ta kora, aka sako a jirgi da kayan jikinsu, ko suka tsallako sahara ta Agadas ba ko sisi. Wasunsu suna maƙale a tashoshin Kano, kunya ta hana su ƙarasawa gida, mahaifiya kuwa tana can tana tambayar duk wanda ya sauka daga mota. Ɗan uwa, ka ƙarasa. Za a yi surutu na mako biyu, sannan a samu wani abin magana. Kuma ba hannu rabbana ka dawo ba kamar yadda kake zato. Wanda ya yi shekaru yana ɗaura tayil a Jidda, ko walda a Misrata ta Libiya, ko ɗinkin abaya, ko gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ya zo da abin da ƙaramin gari ke aikawa Kano a ɗauko mai yi. Ga sola ta shiga ƙauyuka da dama, masu haɗa ta da kyau kaɗan ne. Ka je wurin mai shagon da ke wannan sana'a a garin, ko da yaron da ka girma ne, ka ce ya riƙa tafiya da kai aiki. Aikin farko ka karɓi abin da aka ba ka, na biyu kai za ka faɗi kuɗinka.