Sau nawa za a tsamo ka kafin ka farga?

Jiya bayan isha'i na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu, na tarar an zagaye wani direban motar haya ana ta shewa. Labarin yadda ya tsallake rijiya da baya har sau biyu yake bayarwa. Na farko, taya ce ta fashe masa yana sharara gudu, mota ta yi ta wuntsilawa har cikin gona, fasinja huɗu suka rasu nan take, shi kuwa ya fito ta taga ko ƙwarzane babu, sai takalminsa ƙafa ɗaya da ya ɓata. Na biyun ya fi ban al'ajabi. An gama lodi, ya karɓi kuɗi, ya zauna zai tayar da mota ke nan sai cikinsa ya murɗa. Ya miƙa wa wani abokin aikinsa makulli, ya ce je ka, in ka dawo ma raba. Ba su yi nisa ba suka yi taho-mu-gama da tirela. Abokin ko shurawa bai yi ba.

Ya tsoma burodi a shayi ya kai baki, sannan ya ce, "Ni fa ƙarfe ba ya cin namana. Tun ina goye tsohuwa ta dafa ni." Aka kwashe da dariya, wani ya miƙa masa hannu suka tafa. Na yi ta kasa kunne ko zan ji Alhamdulillahi, ko Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, daga bakinsa ko daga bakin masu sauraro. Ban ji ba. Rayukan da suka salwanta sun zama gishirin hira.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ba ne. Da yawanmu haka muke. Allah Ya tsamo mu karo na farko, sai mu ɗan girgiza, mu sa a soya waina a raba wa almajirai, mu riƙe jam'i na ɗan lokaci. Ya sake tsamo mu, maimakon tsoron ya ƙaru sai ya ragu. A na farko mun ce Allah ne. A na biyu sai mu ce ai ni haka nake, sa'a a jinina take, ko layar nan ce, ko wankan da kaka ta yi mini. In an kai na uku kuwa, shi ke nan, mutum ya fara tafiya yana buɗa hannu kamar an ba shi takardar shaidar ba zai mutu ba.

Ɗan'uwa, ka koma Suratul Isra'i, daga aya ta 67 zuwa ta 69. Mutanen da igiyar ruwa ta ritsa da su a teku, suka manta da kowa sai Allah, da Ya fitar da su tudu suka juya baya. Sai Ya tambaye su: ko kun amince ne ba zai mayar da ku cikinsa a wani karon ba, Ya aiko muku da guguwa mai karya jirgi? Wanda Ya fitar da kai jiya Shi ne mai titin da za ka hau gobe. Tsirar da ka yi ba ta rage komai daga ikonSa a kanka ba.

Abubuwan da hankali yake ganin da ƙyar su faru ko sau ɗaya suna maimaituwa, wannan ba ƙarya ba ne. Akwai wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Tsutomu Yamaguchi, ma'aikacin kamfanin Mitsubishi. Aiki ya kai shi birnin Hiroshima, yana shirin komawa gida ranar 6 ga Agustan 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya, tsakaninsa da inda bam ɗin ya tashi kimanin kilomita 3. Ya ƙone, kunnuwansa suka taɓu, amma da sauran shan ruwa. Ya lallaɓa ya hau jirgin ƙasa ya koma garinsu. Ina ne garin nasu? Nagasaki. Ranar 9 ga watan, jikinsa naɗe da bandeji, yana ofis yana yi wa shugabansa bayanin yadda bam ɗaya tak ya share birni guda, shugaban yana ganin kamar ya zautu, sai bam na biyu ya tashi. Ya sake rayuwa. A tarihin duniya sau biyu kacal aka taɓa jefa wannan makami a yaƙi, kuma duka biyun yana wurin. Bai bar duniya ba sai a 2010, yana da shekara 93, ciwon dajin ciki ne ya yi ajalinsa. A ƙarshen rayuwarsa ya yi ta kiran duniya da ta rabu da makaman nukiliya. Ko ba komai, mutumin ya ɗauki ragowar kwanakinsa a matsayin nauyi. Mu da muke karanta "wa bil ƙadari" tun muna makarantar allo, me muka ɗauki namu?

A Amurka ma an yi wani mai gadin gandun daji a jihar Bajiniya, Roy Sullivan, wanda tsawa ta faɗa wa har sau 7 tsakanin 1942 da 1977, kuma ba ita ce ta kashe shi ba. Mu da in aka ce "kwarankwatsa" sai kowa ya shiga taitayinsa.

Amma me ya kai mu nesa? Sayyidina Khalid bin Walid, Allah Ya ƙara masa yarda, ya shiga yaƙe-yaƙe masu ɗimbin yawa, a Mu'uta kaɗai takubba tara suka karye a hannunsa, jikinsa duk tabon sara da suka da harbin kibiya. Ƙarshe a kan shimfiɗarsa ya cika. Ka taɓa jin an ruwaito ya ce ƙarfe ba ya cin namansa? Baƙin cikinsa ma shi ne bai samu shahada a fagen fama ba. Ya san takobi ba ya yanka sai an yi masa izini. Kai da mota ɗaya ta wuntsila da kai har ka fara jin kanka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan ɗabi'a shi ne tana kashe mutane, a zahiri, ba a hira ba. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu, Ya ba iyalansu haƙuri. Duk ƙasar nan babu wanda bai ji ba, an ga hotunan kabarin bai-ɗaya. Wata uku tsakani, a Janairun 2025, aka sake kwatawa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, fiye da mutum 80 suka tafi. Na san talauci, na san tsadar mai, ba kuma zargin mamata nake yi ba. Da masu rai nake. Har yau in tanka ta faɗi za ka ga mai rugawa da bokiti, in ka tare shi ya ce, "Haba malam, ai na sha ɗiba, ba abin da ya same ni." Wannan "ba abin da ya same ni" ita ce take sa a cika kwalekwale ya wuce ƙima, ita take sa direba ya haɗiyi ƙwaya ya kwana yana tuƙi, ita take sa ɗan acaɓa ya kutsa tsakanin tirela biyu da matar aure da goyo a bayansa. Jinkirin da Allah Ya yi masa ya mayar da shi lasisi.

Kada wanda ba ya tuƙi ya ce ya fita. Kai da ka tura saƙon da bai kamata ba, ya tafi lambar matarka bisa kuskure, Allah Ya sa wayarta ba caji har ka samu ka goge. Ka yi ajiyar zuciya, ka ce kai, na sha da ƙyar. Bayan wata biyu ɗanka ya ɗauki wayar yana wasa, ya miƙa wa kawunsa a buɗe, daidai lokacin aka kira salla, ya ajiye bai duba ba. Sau biyu ana rufa maka asiri ta hanyar da ko kai ba za ka iya shiryawa ba. Me ka yi? Ka canza lambar sirrin waya. Iyakar tubarka ke nan. An ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar wani da ya yi sata, ya rantse wannan ne karonsa na farko, Umar ya ce ƙarya kake, Allah ba Ya tona asirin bawa a karon farko. Ka zauna ka ƙirga naka, kai kaɗai ka san adadinsu.

Ke ma 'yar'uwa, ki saurara. Haihuwar fari jini ya ɓalle, aka fita neman mai irin jininki da tsakar dare, sai ga wani bawan Allah da ya kawo tasa matar, jininku ya zo ɗaya. Haihuwa ta biyu aka sake shiga irin wannan hali, aka sake dacewa. Kin tashi, kin yi arba'in, kin sha lalle. Yayarki da kuka yi shekara ba kwa ga-maciji saboda maganar gado, ita ce dai har yau ba ki ɗaga waya kin kira ba. Da a wancan daren aka naɗe ki a likkafani, da wannan gabar za ki tafi.

Sai mai bashi. Kana zille wa mutum, ka canza hanya, ka daina ɗaukar wayarsa. Ka je kasuwa ku yi kiciɓis. Ka je jana'iza a wata unguwa can, ka ɗago kai ku haɗa ido. Ranar Juma'a ka tafi masallacin da ba ka saba zuwa ba, ka sallame ka juya dama, ga shi kafaɗa da kafaɗa da kai. Ka dawo gida kana ba da labari kana dariya, wai ka ga arashi. Bawan Allah, kuɗin mutane ne a hannunka, kuma kana da halin biya. Sai an aiko maka da wasiƙa daga sama?

Ba ina cewa mu koma karanta alamu a komai ba ne. Wannan camfi ne, kuma shi ma wata ƙofar halaka ce. Wanda shagonsa ya ƙone sau biyu, ba mu da hurumin cewa alhaki ne yake bin sa, shi ma ba shi da dalilin zuwa wurin boka a nuna masa maƙwabcinsa a cikin ƙwarya. Ya duba wayar lantarkinsa, ya yi haƙuri, mu kuma mu taimaka masa. Babu wanda ya san gaibu. Amma ba sai ka san gaibu ba kafin ka san cewa an bar ka da rai alhali na kusa da kai ya tafi, kuma akwai abin da kake aikatawa wanda ba ka son a ɗauke ka a kansa.

Akwai aya a ƙarshen Suratut Tauba, ta 126, da ke sa gabana faɗuwa. A kan munafukai ta sauka: shin ba sa ganin ana jarraba su a kowace shekara sau ɗaya ko sau biyu, sannan ba sa tuba, ba sa kuma wa'azantuwa? Sau ɗaya ko sau biyu. Ina roƙon Allah kada siffar nan ta hau kanmu.

Uwa in tana tashin ɗanta sallar asuba, da farko sunansa take kira a hankali, in bai motsa ba ta ɗan bubbuga ƙafarsa, in ya ƙara jan bargo ta yaye. Ƙauna ce ta sa take dawowa. Ɗan da ya ɗauka dawowar tata alama ce ta barcinsa ya yi kyau, wannan sai addu'a.

Don Allah, don Annabi, ka daina ba da labarin tsirarka kana buga ƙirji. In za ka faɗa, ka fara da godiya, ka yi wa waɗanda ba su fita ba addu'a, in akwai marayun da suka bari ka leƙa su ko da mudun shinkafa ne. Ka yi sujadar godiya, ba ta cin minti ɗaya. Layar nan ka kwance ta. Ka rage gudu, akwai 'ya'yan mutane a bayanka.

Ka biya bashin nan, don Allah. Ke kuma ki kira yayarki yau, kafin ki kwanta.