Yadda na yini ina neman doki a Belgired

Wallahi har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Wani taro ne ya kai ni Belgired, babban birnin Sabiya, kwana huɗu kacal, kuma ina da ɗan yayata da ke karatu a can, to ina sauka a filin jirgin Nikola Tesla na samu intanet ɗin kyauta na kira shi, yaron nan ya ce "Kawu gobe sha biyun rana mu haɗu wajen doki, kowa ya san wurin", kit ya kashe wai yana da lacca.

Ni fa ɗan Kano ne, a kallon hawan daushe na girma, in ka ce min doki ai ka gama magana. Har na ce a raina ashe Turawan nan ma suna da bargar sarki.

Washegari na fito ba layin waya ba data, don rowa ta hana ni sayen sim na kwana huɗu. Matsalar farko rubutu. Mutanen nan haruffa iri biyu gare su, da irin namu na boko da wani mai kama da na Rasha, sai ka ga allo an rubuta PECTOPAH, ni na ɗauka sunan wani attajiri ne mai shaguna ko'ina a gari, ashe wai gidan abinci ake nufi. A tasha na tari wani dattijo, ba ya jin Turanci ni kuma ba na jin nasu, da na ga ba sarki sai Allah na riƙe linzamin iska na fara sukuwa a tsaye har da haniniya, da furfurata da komai. Tsohon nan ya yi dariya har da tari, ya ce "konj! hipodrom!", wato doki da filin sukuwa, ya nuna min wani taragon da ke bin tsakiyar titi. Na ciro dinari zan biya aka ce in mayar, wai tun Janairun 2025 motocin haya na gwamnati kyauta ne a birnin. Nan na ce lallai yau da ƙafar dama na fito.

Na isa filin sukuwa kuwa, ga dawakai ga warin barga, na gyara hula na tsaya. Akwai wata iska da suke kira koshaba, jama'a hunturunmu wasan yara ne, wannan har cikin ɓargo take shiga, ni kuma shadda ce a jikina da wata 'yar suwaita. Awa ɗaya da rabi ina tsaye ina zagin yaran zamani da rashin cika alkawari, wani doki ja yana ta kallona kamar ya san ni.

Sai da wani saurayi mai kula da dawakan ya tausaya ya jona min intanet ɗin wayarsa, saƙonni suka dinga shigowa kamar ruwan Agusta. Na kira.

"Kawu kuna ina ne? Tun ɗazu nake nemanku!"

"Ina wajen doki mana, ga su nan har takwas, kai ne ban gani ba."

Shiru. Can sai na ji yaro ya fashe, da ƙyar ya iya cewa "Kawu dokin tagulla ne fa!"

Ashe mutum-mutumi ne a Dandalin Jamhuriya, gaban gidan tarihi na ƙasa, tun 1882 yake kafe a wurin, kuma duk ɗan Belgired in zai haɗu da wani sai ya ce "kod konja", wato wajen doki. Wanda ke kan dokin Yarima Mihailo ne, shi Turkawa suka miƙa wa makullan birnin a 1867, amma bawan Allah duk wannan aikin ba mai ambatonsa, dokin ne ya yi suna.

Daga nan muka bi titin Knez Mihailova da ƙafa, mota ba ta shiga, har ganuwar Kalemegdan inda kogin Sava ke zubawa cikin Danube, gaskiya wurin ya yi kyau har na ɗan huce. Ina ɗaga kai sai ga wani gunkin a kan dogon ginshiƙi, tsirara haihuwar uwarsa, da takobi da tsuntsu a hannu, Pobednik sunansa, yaron ya ce a tsakiyar gari aka so kafa shi mutane suka ce ba da su ba, shi ne a 1928 aka kawo shi nan ya juya wa gari baya. Na ce to su ma da kunyarsu. Azahar da la'asar a Masallacin Bajrakli muka yi su, shi kaɗai ya rage daga masallatan zamanin Turkawa, sannan na ci wani gashin fulawa nasu da suke kira burek, mai cuku a ciki, bayan na sa an tambayar min sau uku ko ba alade.

Kafin in koma otal yaron nan ya riga ya zuba labarin a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp. Yanzu Madakin Belgired suke kirana, maiɗakina ma da na dawo tsarabar da ta fara tambaya ita ce ina sirdin.