Ranar da na turara tumatur tun yana bokiti

A ƙarshen watan Afrilu manoman bayan unguwarmu a Zariya suka shiga sharar gona. Kowa ya tara kara da yayi ya cinna wuta, wata ta ƙwace ta kama jejin bakin rafi, muka kwana uku muna shaƙar hayaƙi. Ni kuwa ina da bokitan fenti 12 a tsakar gida, tumatur 8, attaruhu 4, ina ji da su kamar 'ya'yan fari. Da safe na tarar toka ta yi wa ganyen fari fat, sai ka ce amarya ta sha hoda.

Nan take dabara ta faɗo min. Na ja su gindin bango, na lulluɓe da ledar shanya, na danne gefe da bulo don kada hayaƙi ya sami kafa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, dambu za ka turara?" Na ce mata wannan harkar ilimi ce.

Da la'asar na ɗaga ledar, tururi ya bugi fuskata. Tumatur uku sun yi lugub kamar alayyahun da aka sauke daga wuta.

Na garzaya fadama wajen wani dattijo mai lambu. Sai da ya gama dariya ya ce, "Yaro, hayaƙin kwana uku ba ya kashe tumatur, kai ne ka kashe shi." Ashe tokar ce abin kula, don tana tare hasken rana, tana toshe ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, waɗanda galibinsu a bayan ganyen suke. Maganinta wanki da sassafe, da butar ban ruwa mai rariya, sama da ƙasa, har ruwan ya zubo garau. Yayyafi kaɗan ya fi bari muni, domin jiƙaƙƙiyar toka ruwan toka ce irin ta miya, in rana ta same ta sai ta ƙona ganye. In rufi ya zama dole, tsohon gidan sauro a kan sanduna, kamu ɗaya sama da shukar. Taki kuma a dakata har ta farfaɗo. Ban faɗa masa na riga na watsa wa kowane bokiti takin yuriya cikin tafin hannu ba, alhali cikin murfin kwalbar lemo ya isa, a binne shi yatsu huɗu nesa da gindi.

Kwana huɗu bayan nan aka tsuge da ruwan fari cikin dare kamar da bakin ƙwarya. Sai a lokacin na gane cewa gindin bangon nan daidai bakin indararo yake. Bokitan kuma ko huda ɗaya babu, don aro na yi wajen uwargida da alkawarin mayarwa lafiya. Gari ya waye ina da kududdufi tara, har da kwaɗo a ɗaya.

Na tsiyaye na sama. Da azahar ganye ya langaɓe, na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa.

Na koma wajen dattijon. "Baba, sun sake yaushi," na ce.

"Wanda ya nutse a kogi, ruwa kake ba shi?" Saiwa ma iska take buƙata, in ji shi; in laka ta shaƙe ta ba ta iya jan ruwa, shi ya sa ganyen ke yaushi kamar na fari. Kafin ban ruwa a tura yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi a haƙura. Ya sa na gasa ƙusa na yi huda shida a gindin kowane bokiti, na ɗora su a bulo biyu, na cire ganyen ƙasa da laka ta fantsama wa, na kafa sanda na ɗaure kara da tsumma, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ƙasar ma ya ce nan gaba awo biyu na ƙasa, ɗaya yashi, ɗaya ruɓaɓɓen taki.

Biyar suka rayu. Na tsinki tumatur 11, na kawo a faranti ina taƙama. Uwargida ta ƙirga su, ta leƙa ta ƙirga bokitanta masu huda, ta miƙo hannu.